Yadda ake musun cinikin 'yan wasan hokin ƙanƙara ba tare da an yi maka dariya ba

Daren Juma'a ne, 22 ga Yulin 2022, ina shirin kwanciya wayata ta hau ƙara ba ƙaƙƙautawa, wai a gasar hoki ta NHL Calgary Flames ta ba Florida Panthers Matthew Tkachuk, ta karɓo Jonathan Huberdeau da MacKenzie Weegar da wani yaro Cole Schwindt, har da tikitin zagayen farko na zaɓen matasan 'yan wasa a kai. Ranar Litinin na shiga ɗakin shan shayi na wurin aikinmu a nan Calgary baki har kunne, na ce jama'a mun yi wa Florida wayo fa, mun ba da mutum ɗaya mai maki 104 (ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci a kaka) mun karɓo mai maki 115 har da gyara. Akwai wani dattijon Bature da muke aiki tare, tun kafin a haife ni yake kallon wasan nan, yana zaune yana juya cokali a kofinsa bai ko ɗago kai ba, sai ya yi min tambaya biyu kacal, Huberdeau shekarunsa nawa, kuma saura shekara nawa a kwantiraginsa? Wallahi ban sani ba. Ya ce 29, saura shekara ɗaya. Tkachuk kuma 24, kuma ya riga ya sa hannu na shekara 8. Ya ci gaba da shan kofinsa kamar bai ce komai ba.

Tun daga ranar na fara koyon yadda ake wannan musun, don mutanen Kanada yadda muke zama a teburin mai shayi ana cacar baki kan Man U da Arsenal haka suke yi kan hoki, bazara da hunturu. To ga yadda nake bi yanzu, ko kana nan ƙasar ne ko kana gida kana tashi ƙarfe 1 na dare don ka kalla a waya.

Matakin farko, ka cire ƙwallon ƙafa daga kanka

Wannan shi ya fi ba mu wahala mu 'yan gidan kallo. A gasar NHL, mai ƙungiyoyi 32, bakwai a Kanada sauran 25 a Amurka, ba a sayen ɗan wasa da kuɗi. Babu maganar wani attajiri ya zo ya zube fam miliyan ɗari ya ɗauke maka gwaninka. Musaya ake yi, ba ni gishiri in ba ka manda, mutum da mutum, ko mutum da tikitin zaɓen matasa da ake yi duk ƙarshen kaka wanda suke kira diraf. Babu kuma faɗawa ƙaramin rukuni, wanda ya ƙare a ƙasan teburi ma shi ya fi samun damar ɗaukar yaron da ya fi kowa a diraf, shi ya sa za ka ga ƙungiya ta sayar da manyanta da gangan tana cin kashi, magoya bayanta kuma suna murna. Kuma sau da yawa ba a tambayar ɗan wasa, kwantiraginsa ake ɗauka a miƙa wa wasu da shi a ciki, yau kana Buffalo gobe ka tashi a Vegas.

Da can ana sa kuɗi. Ranar 9 ga Agustan 1988 mai ƙungiyar Edmonton Oilers, Peter Pocklington, ya tura Wayne Gretzky zuwa Los Angeles Kings, ya karɓi Jimmy Carson da Martin Gelinas da tikitin zagayen farko guda uku da tsabar dala miliyan 15. Har yau in ka ce "cinikin nan" a Kanada ba tare da ka ambaci suna ba to wannan ake nufi. Amma an rufe wannan ƙofar a 2005, bayan rikicin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ya cinye kakar 2004-05 gaba ɗayanta ba a buga ko wasa ɗaya ba. Abin da ya fito daga rikicin shi ne silin albashi, wato iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta iya biyan 'yan wasanta duka a shekara, mai arziki da talaka sili ɗaya. Ya fara a dala miliyan 39. A kakar 2024-25 ya kai miliyan 88, a 2025-26 miliyan 95.5. In ba ka riƙe wannan lambar a kai ba to kar ma ka buɗe baki, don duk musun a ƙarƙashin silin nan yake.

Mataki na biyu, kar ka tambayi ko gwani ne, tambayi nawa yake ci a silin

Lissafin ba wuya. Ka ɗauki jimlar kuɗin kwantiragi ka raba da yawan shekaru, abin da ya fito shi ake cirewa a silin duk shekara, ko da a zahiri an ba shi da yawa a farko kaɗan a ƙarshe. Tkachuk miliyan 76 a shekara 8, wato 9.5. Huberdeau da ya zo Calgary aka ba shi miliyan 84 a shekara 8, wato 10.5. Ka ga ashe wanda ya girme shi da shekara biyar shi ya fi tsada, kuma za a ci gaba da biyansa har ya kusa 38.

Sai ka ƙara taki ɗaya wanda yawancin masu surutu ba sa yi, ka mayar da kuɗin kaso cikin ɗari. Lokacin da kwantiragin Connor McDavid, gwanin Edmonton, na miliyan 12.5 ya fara aiki a 2018 silin miliyan 79.5 ne, ya cinye kusan kashi 16 kenan. Abokin wasansa Leon Draisaitl ya fara karɓar miliyan 14 a 2025, lamba ta fi girma, amma a silin 95.5 bai kai kashi 15 ba. Duk wanda ya zo yana maka ihu wai albashin wane ya fi na wane ba tare da ya faɗi shekarar da aka sa hannu ba, kamar mai kwatanta kuɗin buhun shinkafa na bana ne da na shekara goma baya. Doka ma ta hana mutum ɗaya ya wuce kashi 20.

Abin da ya sa wannan ke da muhimmanci shi ne hoki ba wasan mutum ɗaya ba ne ko kaɗan. Mutum 20 ake sa wa riga a kowane wasa, gola biyu da 'yan wasa 18, shida ne a kan ƙanƙara a lokaci guda, kuma saboda tsananin gudu mutum ba ya wuce kamar daƙiƙa 45 sai ya tsallaka benci wani ya shigo wasa na tafiya. Wasan minti 60 ne, gwanin gaba na gaske minti 20 zuwa 22 yake yi, sauran minti arba'in ɗin yana zaune yana shan ruwa. To in ka zuba rabin kuɗinka a kan mutum huɗu wa zai buga sauran? Musun da aka shekara bakwai ana yi a Toronto kenan kan manyanta huɗu masu tsada, Matthews da Tavares da Marner da Nylander, ga shi sun kasa wuce zagaye na biyu na wasannin fitar da gwani, kofin Stanley kuwa, wato kofin gasar, rabon garin da shi tun 1967.

Akwai kuma 'yar dabara, ƙungiyar da ta sayar za ta iya riƙe har rabin albashin mutumin a nata silin don ciniki ya faɗa. Ka duba ko an yi hakan kafin ka ce an yi tsada.

Mataki na uku, shekaru, da kuma wanda wuƙa ke hannunsa

Nan dattijon nan ya kama ni. Yawancin 'yan gaba ganiyarsu tsakanin farkon shekara ashirin ce zuwa kusan talatin, daga nan ƙafa ta fara nauyi, 'yan baya da gola sukan ɗan daɗe. Yaro sabon shiga kwantiragin farko na shekara uku yake yi a kan kuɗi kaɗan, shi ya sa yaro mai kyau a wannan matakin ya fi zinari. Sai ya kai shekara 27, ko ya yi kaka bakwai a gasar, sannan yake da 'yancin tafiya inda ya ga dama in kwantiraginsa ya ƙare, ƙungiyarsa ba ta samun ko sisi.

Saboda haka ka tambayi kanka, janar manajan da ya yi cinikin nan da son ransa ya yi ko an ƙure shi ne? A wancan watan na Yuli Calgary ta riga ta rasa Johnny Gaudreau, shi ma mai maki 115, ya tafi Columbus a kyauta, sannan Tkachuk ya ce musu ba zai sa hannu na dogon lokaci ba. Manajan lokacin Brad Treliving bayansa na bango ne, kowa a kasuwa ya san dole ya sayar. In ka auna da wannan, abin da ya karɓo ba laifi, ni a ganina kuskuren ba a musayar yake ba, yana wajen gaggawar ba wa Huberdeau shekara 8 tun bai buga musu wasa ko ɗaya ba. Kakarsa ta farko a Calgary makinsa ya faɗo daga 115 zuwa 55. Tkachuk ya yi 109, Florida ta je wasan ƙarshe sau uku a jere ta ɗauki kofi a 2024 da 2025.

Haka Jack Eichel, Buffalo ta sake shi a Nuwamban 2021 ne bayan sun yi ta ja-in-ja kan irin tiyatar da za a yi masa a wuya, shi yana son a sa masa faifan roba su suna son wata daban. Vegas ta karɓe shi ta bar shi ya yi wadda yake so, 2023 suka ci kofi. Wasu kuma a kwantiraginsu an rubuta ba za a motsa su ba sai da yardarsu, ko suna da jerin garuruwan da ba sa zuwa, to mai sayarwa yana da masu saye biyu ko uku ne kawai ba 31 ba, farashi dole ya faɗi. Har haraji yana shiga ciki, jihohin Florida da Texas da Nevada da Tennessee ba sa cire harajin jiha a albashi, don haka miliyan 9 a can ta fi miliyan 9 a Montreal auki.

Mataki na huɗu, ƙarfe nawa ne a agogon kowace ƙungiya

Wannan shi na fi so, kuma misalin da na fi so a ciki akwai jinin Najeriya. A Disambar 1995 Calgary ta ba Dallas Stars kaftin ɗinta Joe Nieuwendyk, ta karɓo Corey Millen da wani yaro ɗan shekara 18 da bai taɓa buga NHL ba, Jarome Iginla, wanda mahaifinsa Bayarabe ne ɗan Najeriya, shi kuma a Edmonton aka haife shi. Dallas ta shirya cin kofi a lokacin, kuma ta ci a 1999, Nieuwendyk ne ma aka zaɓa gwarzon wasannin fitar da gwani na shekarar. Calgary kuma gini take yi, Iginla ya zama kaftin ɗinta na shekaru, ya yi ritaya da ƙwallo 625. To wa ya ci riba? Duka biyun. Mu da muka saba dole a samu wanda aka cuta a ciniki wannan yana mana wuyar haɗiya, amma haka ne. Af, tunda an zo nan, akwai wani ɗan baya Rumun Ndur da ya buga wa Buffalo da New York Rangers da Atlanta, a Zariya aka haife shi, in ka faɗa wa Bature a wurin aiki sai ka ga ya buɗe baki.

Kishiyar wannan ita ce Washington a 2013. Ranar rufe kasuwa, wadda yanzu ake yi farkon Maris, ƙungiyoyin da ke ganin kofi ya kusa sukan ɗauki ɗan haya, mutumin da za su yi amfani da shi na ɗan lokaci, su biya da yaransu. Washington ta ba Nashville Filip Forsberg, yaron da ta ɗauka a zagayen farko wata tara da suka wuce, ta karɓo Martin Erat da wani. Erat ya ci musu ƙwallo 2 a wasa 62. Forsberg ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin Nashville. Bambancinsa da na Iginla ba wai yaron ya zama gwani ba ne, a'a, Dallas ta sayi mutumin da zai iya ɗaukar ta zuwa kofi, Washington ta biya farashin sa ta kawo tunkiya.

Tikitin diraf kuwa cinikin biri a sama ne, ba ka san lamba nawa zai zama ba sai kaka ta ƙare. A 2009 Toronto ta ba Boston tikitin zagayen farko guda biyu da na zagaye na biyu ɗaya don Phil Kessel, tana zaton ta yi ƙarfi tikitin zai zama na can baya. Sai ta ƙare ta biyun ƙarshe a gasar, Boston ta ɗauki Tyler Seguin a lamba 2, shekara ta zagayo ta ɗauki Dougie Hamilton a lamba 9. Kessel gwani ne ba musu, daga baya ma ya ci kofi biyu a Pittsburgh ɗaya a Vegas, laifin na wanda bai san agogon ƙungiyarsa ba ne. Shi ya sa yanzu za ka ga an sa sharaɗi, in tikitin ya faɗo cikin goman farko to sai baɗi. Kullum ka karanta sharaɗin. Tikitin zagaye na huɗu zuwa na bakwai kuma kar ka ɓata yawunka a kai, mafi yawansu ba sa zama komai.

Mataki na biyar, ka tuhumi alƙaluma kafin ka jefe wani da su

Maki a hoki shi ne ƙwallon da ka ci haɗe da wanda ka taimaka aka ci, kuma har mutum biyu ake ba wa makin taimako a ƙwallo ɗaya. Na san ba ƙwallo ba ce, ɗan baƙin faifan roba ne mai tauri da ake kira fok, amma bakina ya saba. Tambaya ta farko, da wa yake wasa a layi ɗaya, wato su wa ake sako su tare kan ƙanƙara? A ƙarshen Nuwamban 2005 Boston ta tura Joe Thornton San Jose, a wannan kakar ya haɗa maki 125 aka ba shi gwarzon gasa. Wanda aka ajiye a gefensa, Jonathan Cheechoo, ya ci ƙwallo 56 ya fi kowa a gasar. Zuwa 2010 Cheechoo ya fita daga NHL kwata-kwata. Ciwuka sun taimaka, amma duk wanda ya auna shi da lambar 56 ya auna hannun Thornton ne.

Ta biyu, kashi nawa na bugunsa ke shiga raga? Ɗan gaba na yau da kullum tsakanin kashi 10 zuwa 13 yake yawo. William Karlsson ya ci 6 a Columbus, ya koma Vegas a 2017-18 ya ci 43, amma sama da kashi 23 na bugunsa ne suka shiga, wanda sa'a ce tsagwaronta ta haɗu da iyawa. Kaka ta gaba 24. Ɗan wasa ne mai kyau har yau, amma ba mai 43 ba ne. In ka ga mutum ya yi tsalle irin wannan daidai shekarar da kwantiraginsa zai ƙare, riƙe aljihunka.

Ta uku, maki nawa ya samu lokacin da aka kori ɗan ɗaya ɓangaren na minti biyu suna biyar da huɗu, nawa kuma a biyar da biyar? Na biyar da biyar shi ne gaskiyar mutum, ɗayan ya danganta da ko koci zai sa shi a rukunin farko a sabon gidansa. Akwai kuma wata lamba ta ƙari da ragi da ake rubutawa a gaban suna, ƙwallayen da aka ci yana kan ƙanƙara a cire waɗanda aka zura musu, ni dai na daina amfani da ita, gola mara kyau sai ya ɓata wa ɗan baya nagari suna a banza. Masu lissafi na zamani sun fi duba yawan bugun da ƙungiya ke kaiwa da wanda ake kawo mata yana ciki, abin da suke kira Corsi, da kuma xG wanda 'yan ƙwallon ƙafa ma kun san shi. Suna da amfani, amma ka kalli wasa ko da uku ne da idonka kafin ka ɗauko su, don ɗan bayan da koci ke turawa kullum ya tare McDavid dole lambobinsa su yi muni.

Sai ƙarancin kaya a kasuwa. Ɗan tsakiya na layin farko da ɗan baya mai riƙe sanda ta dama sun fi ɗan gefe wuyar samu. Dalilin da Edmonton ta bayar kenan ranar 29 ga Yunin 2016 da ta ba New Jersey Taylor Hall ta karɓi Adam Larsson, ɗaya da ɗaya ba gyara. Dalilin gaskiya ne, farashin ne ya yi yawa, Hall ya zama gwarzon gasa a 2018. Kana iya yarda da buƙata ka ƙi yarda da farashi, kuma yawanci nan ne musu mai ma'ana yake.

Mataki na shida, maganar koci

Kafin ka ce a kori koci, fara duba golansa. St. Louis ta kori kocinta Mike Yeo a Nuwamban 2018 ta ba Craig Berube, kuma labarin da ake bayarwa shi ne sabon koci ya zo ya ci kofi a 2019. To amma ranar 3 ga Janairu, sati shida bayan zuwan Berube, ƙungiyar ce ta ƙarshe a duk gasar. Abin da ya canza shi ne bayan kwana huɗu aka fara da wani gola da ba wanda ya damu da shi, Jordan Binnington, wasansa na farko a matsayin mai farawa ba a zura masa ko ɗaya ba. Berube ya yi aiki, amma ka raba ladan. Haka Edmonton a Nuwamban 2023, wasa 13 nasara 3 kacal aka kori Jay Woodcroft, Kris Knoblauch ya zo suka ci wasa 16 a jere. Ƙungiya mai McDavid da Draisaitl dama ba za ta dawwama a ƙasa ba, ana korar koci ne daidai lokacin da abu ya kai maƙura, duk wanda ya zo bayan nan sai a ga kamar da laƙani ya zo.

Abin da ke hannun koci da gaske su ne haɗa layuka, rabon mintuna, wa zai tare wa, don kocin gida shi ke da damar canji na ƙarshe kafin a jefa fok, da kuma sarrafa gola. Wannan na ƙarshen shi ya fi kashe aure tsakanin mutane. Ranar 2 ga Disambar 1995 Detroit ta lallasa Montreal 11 da 1, koci Mario Tremblay ya bar Patrick Roy a raga har aka zura masa 9 a gaban 'yan garinsu. Da aka cire shi ya wuce kocin ya je wajen shugaban ƙungiya Ronald Corey da ke zaune bayan benci ya ce masa ya gama buga wa Montreal. Bayan kwana huɗu aka tura shi Colorado, wata shida bayan nan ya ɗaga kofi, Montreal kuwa na 1993 ne na ƙarshenta har yau. Ɗaya gefen kuma, a Mayun 2025 koci Pete DeBoer na Dallas ya cire golansa Jake Oettinger bayan bugu biyu ƙwallo biyu a wasan da in sun faɗi sun fita, suka faɗi 6 da 3, cikin kwanaki aka sallame shi duk da ya kai su matakin kusa da ƙarshe sau uku a jere. Ɗaya ya makara ɗaya ya yi azarɓaɓi, amma in ka lura dukkansu ba dabarar wasa ce ta ci su ba, wulaƙanta babban mutum a bainar jama'a ne.

Cire gola a ƙarshen wasa don a ƙara ɗan gaba na shida kuwa, nan ina tare da masu lissafi, a cire da wuri. Faɗuwa da ɗaya da faɗuwa da biyu duk sifiri ne a teburi. Roy ɗin nan da ya zama kocin Colorado ya cire golansa saura kusan minti uku a wasan farko na fitar da gwani da Minnesota a 2014 ana cin su da ƙwallo ɗaya, suka farke suka ci a ƙarin lokaci. Ko da ragar banza aka zura musu shawarar daidai ce, kuma abin da za ka riƙe kenan a duk musun koci, ka auna shawara da abin da ya sani a daƙiƙar, ba da inda fok ya ƙare ba.

Mataki na bakwai, ka yanke hukunci sau biyu

Na farko ranar cinikin, ka rubuta shi a waya da kwanan wata don kar gobe ka ce ai dama na faɗa. Na biyu bayan shekara uku zuwa biyar. A 1992 Philadelphia ta kwashe mutum shida da tikitin zagayen farko biyu da dala miliyan 15 ta ba Quebec don Eric Lindros, kuma shekarun farko kamar ta yi daidai, ya zama gwarzon gasa a 1995. Amma cikin shidan akwai wani ɗan Suwidin Peter Forsberg, Quebec ɗin ta koma Denver ta zama Colorado Avalanche ta ci kofi a 1996 da 2001, Lindros kuma bugun kai ya yi ta cin sa bai taɓa ɗagawa ba. Ciwo ba wanda ya san da shi ranar ciniki, kar ka ɗora wa manaja laifinsa sai in dama an san mutumin da shi. P.K. Subban da Shea Weber da aka musanya rana ɗaya da Hall, an yi ta zagin Montreal don ta karɓi wanda ya fi tsufa da shekara huɗu, ƙarshe Nashville ta je wasan ƙarshe da Subban a 2017, Montreal ta je da Weber a 2021, ba wanda ya ci, har yau in ka tayar da zancen a Montreal sai an raba ku.

Daren 24 ga Yunin 2024 Florida ta doke Edmonton 2 da 1 a wasa na bakwai, wanda ya yanke wa zai ɗauki kofi. Mutanen Calgary ba su san ko dariya za su yi ko kuka ba, Edmonton abokiyar gabarsu ce ta jini sun ji daɗi ta faɗi, amma ga Tkachuk can yana yawo da kofi a sama. Washegari na tarar da dattijon a kujerarsa, na ce masa to ai Weegar ya ci ƙwallo 20 bana kuma ɗan baya ne mai sanda ta dama, miliyan 6.25 kacal yake ci a silin. Ya ajiye cokalin ya dube ni, ya ce wannan gaskiya ne, saura ka gaya min wa zai karɓi kwantiragin Huberdeau.